Shinkafar da Ba Ta da Tsakuwa

Ni a cikin hayaƙin gumi na tashi. Gidanmu a unguwar Changli yake, cikin Tamale, kuma wanda ya taɓa bi ta layinmu a wancan zamani ba sai an nuna masa gidan ba, hancinsa zai kai shi. Gumi, ga wanda bai sani ba, shi ne ka sayi shinkafa da ɓawonta a hannun manomi, ka jiƙa ta, ka turara ta a rabin duro har ɓawon ya buɗe baki, ka shanya, sannan ka kai inji a casa. Faɗarsa ba wuya. Yinsa kuwa ya ci bayan mahaifiyata, ya ci nawa, har yau idan hadari ya haɗo gwiwoyina ne ke fara ba ni labari. Mma, wato mahaifiyata, ita ta zuba sumunti a tsakar gida ta yi dandamalin shanya tun ban yi wayo ba. Da ta rasu aka raba abin da za a raba, 'yan'uwana maza suka ɗauki ɗakunan gaba, ni aka bar mini ɗaki biyu na baya, da dandamalin, da durori huɗu, da tsoho ɗaya.

Ban yi tuntuɓen harshe ba, tsoho na ce, kuma gadonsa na yi. Ɗan ƙabilar Dagomba ne, manomin shinkafa a wata fadama can gaba da Savelugu. Mba nake ce masa, wato baba a bakinsu, shi kuma ya ce mini 'yata, har bayan na haifi uku. Tsakaninsa da Mma babu takarda, babu shaida. Abin da suka ƙulla shi ne duk kaka buhunansa na fari a ƙofar gidanmu za su sauka kafin wata kasuwa ta gan su, mu kuma ba za mu taɓa mayar da shi da kaya ba, kasuwa ta yi daɗi ko ta yi ɗaci. Mma tana kwance ciwon ajali ba ta yi mini wasiyyar zinariya ba, don babu zinariyar. Cewa ta yi, “Kada mutumin nan ya zo ƙofar nan ya koma da buhunsa.” Na ce to, a raina ina cewa ai wannan ba wani abu ba ne.

Akwai kuma wata al'ada tsakaninmu da shi. Duk shekara idan na casa shinkafarsa, sai in ɗebi kwano ɗaya in zuba a ɗan tulu, in liƙe bakin, in ajiye a ƙuryar ɗaki. Ba mai taɓawa, ko da Sallah ce ta zo gida babu komai. Ranar da ya kawo sabuwa sai in buɗe tulun in dafa masa shinkafa da wake da ta bara, da karan dafi don ta yi ja, da man kaɗe da yaji a gefe. A shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiya, ya wanke hannu ya fara. To, shinkafarmu a ƙasa ake bugunta, tarakta ce ke taka ta a kan tsandauri, saboda haka ko ka rege ta sau bakwai sai tsakuwa ɗaya ta tsira. Sai ka ji ƙaras. Mba ya tsaya, ya zaro ta daga baki, ya ɗaga ya dube ta kamar mai sayen zobe, ya ajiye a bakin tabarma.

“'Yata, har yanzu ba ki iya rege shinkafa ba.”

“Mba, kai ne har yanzu kake noma duwatsu.”

“Ƙasar gonata ce ta biyo ni ta ga inda nake cin abinci.”

Da Dagombanci muke yi, ni haifaffiyar Tamale ce, bakinsu a bakina yake. Maganar ba ta sauyawa, shekara da shekaru, kuma duk shekara sai mun yi dariya kamar yau muka fara jin ta. Sai an yi wannan ake kwance igiya a sauke buhu.

Ban san nauyin abin da aka bar mini ba sai shekarar yunwa, shekarar da ruwa ya ƙi, wuta ta cinye daji, aka kuma koro 'yan ƙasarmu daga Najeriya suka dawo da ciki babu abin sa masa. Wanda ya ga shekarar nan ba ya son a tuna masa. Manyan mutane masu rawani na gani da idona suna layin ɗanyen dokunu, ƙullun masarar nan da ake naɗewa a ganye, ba sa jira a dafa, kowa ya karɓi nasa ya je gida ya dafa da kansa. A kakar nan na cire rai da ganin Mba. Sai ga shi da rana tsaka a kan keke, ya ɗauro rabin buhu, wuyansa ya zama kamar na zakaran da aka fige. 'Yan kalabule, masu saye su ɓoye sai ta yi tsada, sun tare shi a hanya ba sau ɗaya ba. Na ce, “Mba, da ka sayar musu, yau ai ranarka ce.” Ya ce, “Da uwarki na yi magana, ba da su ba.” Rabin buhun nan shi ya tsallakar da 'ya'yana. A shekarar ne kuma aka fara kawo abincin agaji daga waje, masara ja da shinkafa fara. Ba zan ɓoye ba, na yi layi, na karɓa, na gode wa Allah. Mai jin yunwa ba ya tambayar daga wace gona.

Daga baya ruwa ya dawo, fadamu suka yi kyau, muka ce an gama. Ashe ana kukan targaɗe ne. A rediyo kullum maganar gyaran tattalin arziki ake yi. Mu dai gyaran da muka gani shi ne shaguna sun cika da kaya, aljihu ya bushe. Gwamnati ta janye hannunta daga takin zamani, ƙarfen tarakta ya yi tsadar da sai dai ka wuce ka gan ta a gindin mangwaro kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Ana cikin haka fararen buhuna suka fara bayyana a kasuwar Aboabo, inda nake da rumfa. Wannan karon ba agaji ba ne, ta sayarwa ce. Doguwa, fara tas, babu ƙaiƙayi, babu tsakuwa, ka wanke sau ɗaya ka zuba a tukunya.

Dariya muka fara yi. Muka sa mata suna shinkafar ma'aikata, don matan malamai da na ofis, mutanen Kurmi, wato kudancin ƙasar, su suka fara saye. Muka ce ba ta riƙe ciki, ka ci da azahar la'asar ta same ka kana hamma. Muka ce ba ta tuwo. Ni bakina ya fi na kowa, duk wadda ta wuce rumfata da ita a kai sai in ce mata araha ba ta ado. Amma akwai abin da ya ƙi shiga kaina. Shinkafar nan ta haye teku, ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema, an loda ta a mota ta biyo hanyar nan tamu mai karya ƙashin baya har Tamale, kowa ya ci nasa a hanya, kuma ta zo ta fi tawa araha, tawa da aka noma nan bayan gari. Na juya abin ta kowane gefe, ya ƙi zama.

Yanzu zan faɗi wautata, don ban rubuta wannan don in wanke kaina ba. Mu masu gumi ribarmu ba a kaka take ba. Da kaka kake cika ɗaki lokacin da shinkafa ta yi yawa, ka rufe, ka jira damina ta yi tsaka, rumbuna su ƙare, sannan ka riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan kana gumawa. Haka Mma ta yi, haka uwarta ta yi, kuma ba a taɓa jin damina ta zo shinkafa ba ta tashi ba. A kakar da nake magana Mba ya samu amfanin da bai taɓa samu ba. Na karɓi nasa duka, na ƙara da na wasu, na cika ɗaki ɗaya har rufi, na fitar da gadona na cika rabin na biyun. Maigidana direban babbar mota ne, Kurmi yake zuwa, ya dawo ya ga gidan ya tsaya a bakin ƙofa.

Ya ce, “Ke, rage hannu. Na ga abin da ke jibge a Tema, sito bayan sito, kuma jiragen ba su daina zuwa ba.”

Na ce, “Malam, riƙe sitiyarinka in riƙe durona. Yaushe ka fara sanin shinkafa, ban da a kwano?”

Ya wuce ciki abinsa, mutum ne mai gudun fitina. Sabo turken wawa, in ji masu magana, kuma ni ce wawar.

Damina ta zo, ta yi tsaka, shinkafa ba ta motsa ba. Duk lokacin da ta yi kamar za ta ɗaga kai sai motoci su shigo da fararen buhuna su danne ta. Ina zaune a rumfa daga safe har yamma ina korar ƙuda, mutanen da na san sunayen 'ya'yansu suna wucewa suna duban wani wuri. Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu sayar da shinkafa da wake, su ne ƙashin bayan cinikina. Ɗaya daga cikinsu, ƙawata ce tun muna 'yan mata, na tare ta na ce me na yi mata. Ta ce, “Ba ki yi mini komai ba. Taki sai na ɓata rabin yini ina tsinta, kuma duk da haka wani ya fasa haƙori ya zage ni. Waccan ba tsinta, ga sauƙi. Ke ma da ke ce ni haka za ki yi.” Na zage ta tas, na koma gida ina huci, don na san gaskiya ta faɗa.

A gida kuma rufin ɗakin ya fara yoyo, laima ta shiga buhunan ƙasa, ƙwari suka samu gari. Idan ka kasa kunne a jikin buhu kana jin su suna aiki. Na shanya, na sheƙe, na sake shanyawa tsakanin ruwa da ruwa, ina gudu da tabarmi kamar mahaukaciya duk lokacin da sama ta yi baƙi. Abin da ya tsira na sayar yadda aka ga dama, abin da bai tsira ba masu kiwon kaji suka kwashe.

Ba ni kaɗai ba ce. Duk masu gumi na Changli da Sagnarigu halin ɗaya ne, sai magajiyarmu, wato shugabar mata masu sana'ar, ta tara mu a gidanta ta ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, mu kai kuka ga hukuma. Ni na yi makarantar midil, saboda haka ni aka sa na rubuta takarda. Kuma ba a zuwa wurin babba hannu sake. Muka zaɓi mafi kyawun shinkafar da ta rage mana, mu shida muka zauna kwana uku muna tsinta ƙwaya-ƙwaya a faifai, har idona ya riƙa ganin biyu-biyu. Muka zuba a sabon tire muka rufe da farin ƙyalle. Mu a tunaninmu duk rigimar ta tsakuwa ce. Idan manya suka ga za mu iya fitar da shinkafa mai tsabta, za su tsayar da ta waje.

Muka zauna a benci a ofishin da ke kula da ciniki tun hantsi har rana ta take. Da aka shigar da mu sai na ga na san mutumin. Kirista ne daga Kurmi, ya daɗe a Tamale, matarsa a wurina take awo a da. Yana jin Hausa irin ta kasuwa, wadda ba ruwanta da mace ko namiji. Fanka tana rataye a sama ba ta juyawa. Ya karanta takardata har ƙarshe, ya buɗe ƙyallen, ya zura hannu a cikin shinkafar ya bari ta zuba ta tsakanin yatsunsa.

Ya ce, “Magajiya, shinkafa ya yi kyau. Amma ba tsakuwa ne matsala ba.”

Sai ya yi mana bayani, kuma a ranar na samu amsar lissafin nan da ya ƙi shiga kaina. Ya ce ƙasashen da shinkafar ke fitowa gwamnatinsu tana tallafa wa manomansu, su noma fiye da abin da za su ci, rarar kuma a turo mana a farashin da bai kai abin da aka kashe wajen nomanta ba. Ya ce abin yana da suna a Turance, ma'anarsa zubarwa, kamar yadda mutum zai share gidansa ya zubar a bayan gidan maƙwabci. Ya ce akwai kuma haraji na musamman da ƙasa za ta iya ɗora wa irin wannan kaya, dokar ciniki ta duniya ta yarda, idan har an nuna cewa zubarwa ake yi kuma mutanen gida sun cutu.

Magajiya ta gyara mayafi ta ce, “To alhamdu lillahi. Mun cutu, ga mu. A ɗora.”

Ya yi wani murmushi wanda ban so ba. Ya ce kafin a ɗora sai an tura mutane can ƙasar su binciko farashi, a ɗauki lauyoyi, a tara takardu, shi kuwa ofishinsa ko man zuwa Savelugu ba shi da shi. Na ce wannan ai aikin manyan Ankara ne, babban birnin ƙasarmu, ba nasa ba. Ya ce manyan Ankara idonsu a kan tukunyar mutanen birni yake, mutanen da jiya-jiya suka fito daga yunwa, albashi ba ya kai su tsakiyar wata, gwamnatin da ta sa shinkafa ta yi tsada a Ankara da Kumasi ta san abin da zai biyo baya. Ya rage murya ya ƙara da cewa ƙasar ma da rance take numfashi, masu ba da rancen kuma sharaɗinsu shi ne a buɗe ƙofa, kaya su shigo yadda suka so.

Na ce, “To wa ke ɗora harajin nan, in ba mu ba?”

Ya ce, “Su. Idan kasuwa ya yi musu sanyi, masana'anta ya fara sallamar mutane, nan da nan suke ɗora wa kayan wasu. Ƙasa mai ƙarfi idan ya ji ciwo, ya rufe ƙofa. Mu idan mun ji ciwo, ana ce mu buɗe.”

Raina ya ɓaci har na manta a ofis nake. Na ce, “Wato maganin na masu lafiya ne ke nan. Mu da muke kwance sai mu mutu tukuna mu warke, sannan a ba mu.” Magajiya ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, ta ce a hankali, “Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.” Mutumin bai yi fushi ba. Ya ce, “Ni ma a gidana shi muke ci. Ba ni na zaɓa ba, albashina ne ya zaɓa.” Ya yi alkawarin tura takardarmu Ankara. Ya so ya mayar mana da tiren, Magajiya ta ce ba a mayar da gaisuwa. Muka fito muka bar masa aikin kwana uku a kan tebur.

Sau biyu na koma jin amsa. Na farko aka ce ba ta zo ba. Na biyu na tarar da wani a kujerarsa, aka ce an rage ma'aikata, har da shi.

Durorina suka yi sanyi. Wata rana maigidana ya dawo daga Kurmi ya sauke fararen buhuna biyu a zaure, ya wuce masallaci. Kwana uku ina wuce su ban dube su ba. A na huɗu na dubi tukunyata, na dubi 'ya'yana, na sa aka kai mini su rumfa. Kafin azahar babu ko ƙwaya. Ƙawar nan tawa da na zaga ita ta fara saye, ta biya ta wuce abinta, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na zaga bayan rumfa na yi kuka, wallahi na yi, sannan na share fuska na ce wa maigida ya ƙaro. Ni da na rubuta takardar ƙara, kafin ruwa ya ɗauke na fi kowa a layinmu sayar da ita.

Abin da ya kamata in yi shi ne in aika wa Mba saƙo tun shinkafarsa tana tsaye a gona, ya nemi wani mai saye. Motoci suna zuwa Savelugu kullum. Amma da wane baki? Kullum sai in ce gobe. Har na riƙa yi wa kaina ƙarya cewa labari ya kai masa, ba zai zo ba.

Da hantsi na ji ƙarar tarakta ta tsaya a ƙofar gida. Na leƙa, ga tirela cike da buhuna an ɗaure da igiya, ga Mba yana saukowa a hankali, direba yana riƙe da hannunsa. Na ruga zaure na ja zane na rufe fararen buhunan. Na yi masa maraba, na shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, na kawo ruwa. Ya tsufa a shekara ɗayan nan fiye da yadda ya tsufa a goma. Ya ce taki ya yi tsada, sai da ya sayar da bijiminsa kafin ya iya shuka, amma Allah ya duba shi, fadama ta ba da amfani. Yana faɗa yana murmushi, ni kuma ina cewa madalla.

Na ɗora wake, na shiga ƙuryar ɗaki na jawo tulun. Na sa masa kwanonsa tun bara, wannan ban manta ba. Amma ɗakin nan ne da ya sha yoyo, kuma a rikicin daminar ban ko waiwaye shi ba. Na buɗe, sai gari da ƙwari suka yi mini sallama. Na ajiye tulun. Na fita ta ƙofar baya na leƙa gida biyu, gidajen masu gumi ne fa, duk biyun fara ce a tukunyarsu. Wake yana tafasa, baƙo yana zaune.

Sai shaiɗan ya kawo mini dabara, na kuma karɓa hannu biyu. Na ɗebo fara daga ƙarƙashin zane. Na zuba a turmi na ɗan daddaka ta don ta kakkarye kamar tamu. Na ninka karan dafi har ruwan ya yi ja wur, na ƙara kanwa, na bar ta ta yi laushi, na zuba man kaɗe fiye da kullum don ya danne ƙamshinta. Da na juye a kwano ni kaina sai da na yaba wa kaina. Ko Mma ta dawo, a ido ba za ta gane ba.

Ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya fara. Ina tsaye a bayansa da buta. Loma ta farko, ta biyu, ta uku, sai na ga ya rage sauri. Yana taunawa a hankali, gefe ɗaya sannan ɗaya gefen, kamar mai tafiya a cikin ruwa yana laluben ƙasa da ƙafa. A nan na tuna. Tsakar gidan nan cike take da tsakuwa, ƙafata ma a kan wasu take, da na sunkuya na ɗauki guda ɗaya na jefa a tukunya da an wuce wurin. Na yi tunanin launi, na yi tunanin ƙamshi, na yi tunanin tsawon ƙwaya, ban yi tunanin abin da duk rayuwata nake yaƙin cirewa ba.

Mba ba ya cinye abinci, kullum sai ya rage wa yara. Ranar nan ya ci har ƙasan kwano, loma bayan loma. Na san nema yake yi, yana ba ni dama har ƙwaya ta ƙarshe. Da ya gama na zuba masa ruwa ya wanke hannu. Ya dubi bakin tabarma inda babu komai. Ya ɗaga kai ya dubi dandamalin Mma, kashin awaki a kai da igiyar shanyar tufafi, ya dubi durori huɗu a kife sun yi tsatsa.

Ya ce, “'Yata, bana kin iya rege shinkafa.”

Amsata tana nan, na fi shekara goma ina ba shi ita, amma ta ƙi fitowa. Ya dafa ƙasa ya miƙe, ya leƙa waje ya ce wa direba kada ya kwance igiya. Na bi shi har zaure, na durƙusa na ce, “Mba, a sauke ko biyu ne.” Ya ce, “Ki kai su ina?” Ya tsaya daidai inda zanen ya rufe buhunan, bai dube su ba, ya ce, “Uwarki ta ce kada ki mayar da ni. Ba ki mayar da ni ba, ni na juya. Allah ya raya miki yaran.” Direba ya kama hannunsa ya hau, taraktar ta juya a bakin layi da kayanta yadda ta zo.

Daga baya na ji ya kwana biyu a Aboabo a kan buhunansa kafin ya sallamar da su yadda masu saye suka so. A kwana biyun nan ban je rumfa ba, na ce zazzaɓi nake yi. Shekarar da ta biyo bai shuka fadamar ba, 'ya'yansa suka gangara Kurmi neman aikin ƙarfi. Na sha cewa zan je in gaishe shi, kunya ta hana ni, har ranar da wata mai sayar da gyaɗa daga ƙauyensu ta ce mini ai ya rasu tun kafin azumin da ya wuce. Ko ta'aziyya ban samu yi a kan lokaci ba. Wannan abu yana ci mini rai har gobe, kuma ba wanda zan ɗora wa, don jiragen ruwa ba su suka daka shinkafar nan a turmi ba.

Na ci gaba da sayar da fara har gwiwoyina suka zaunar da ni. Dandamalin Mma an yi ɗakunan haya a kansa, durorin maƙeri ya saye. A shekarun da suka biyo na sha jin rediyo yana cewa za a ɗora wa ta waje haraji, ko an ɗora, ko an janye, sai in miƙa hannu in murɗa shi zuwa wata tasha. Kwanan baya wata jikata ta tambaye ni me ya sa nake daɗewa a kan kwanon shinkafa, kowa ya gama ya tashi ina zaune. Na ce mata haƙora ne. Haƙorana lafiyarsu ƙalau. A hankali nake taunawa, gefe ɗaya sannan ɗaya gefen, kuma har yau ban ci karo da komai ba.